Wa Ya Nuna wa Abdulkarim Hanyar Bune?

Duk mai waya a hannu a cikinmu ya taɓa cin karo da tallar nan ta kamfanonin yawon buɗe ido: kwana 12, ƙasa 4, yau kana gindin duwatsun Suwizilan masu ƙanƙara a ka, jibi kana tsakiyar birnin Roma kana kallon ginin da ya shekara kusan dubu biyu. Masauki da abinci da mota duk an dunƙule su cikin kuɗi ɗaya. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, sai a ƙara da cewa akwai ɗan jagora mai jin harsuna. Mukan kalla, mu yi tsaki ko dariya, mu tura gaba, tunda kuɗin ya haɗiye burs ɗinmu na bana har da na baɗi.

Abin da nake so in ɗora a gabanku, ƴan'uwa ɗalibai, shi ne an taɓa yin irin wannan tafiya a ƙasarmu, duwatsu da tsoffin birane a haɗe, kuma ta fi ta tallar nisa ba kusa ba. Shekara biyar da ƴan watanni aka yi ana yinta, daga 1850 zuwa 1855, tafiyar fiye da kilomita 15,000. In aka shimfiɗa ta a kan taswirar yau, ta taɓa ƙasa 8: Libiya, Aljeriya, Nijar, Nijeriya, Kamaru, Cadi, Burkina Faso da Mali. Ta bi ta ƙofar gidanmu, Bune, cikin hunturun Disambar 1852. A lakkol sunan mutum ɗaya tak aka koya mana daga cikinta, Heinrich Barth, Bajamushen da ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, aka ce wai shi ya gano wuraren nan. Masu yi masa jagora kuwa, kamar dai a tallar, an tura su can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe. Su nake nema a wannan rubutu.

Gwamnatin Ingila ce ta shirya tafiyar, da nufin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasar Sudan da kuma neman hanyar kashe cinikin bayi. Shugaban tawagar Baturen Ingila ne, James Richardson, sai Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Sun bar Tarabulus a ƙarshen Maris 1850 da kaya niƙi-niƙi, har da kwale-kwalen da aka raba huɗu aka ɗora wa raƙuma don a je a haɗa shi a tafkin Cadi. Ku yi tunanin raƙumi ɗauke da jirgin ruwa a tsakiyar hamada, ku yi tunanin abin da masu jansa ke faɗa wa juna a kan hankalin Nasara.

A watan Mayu suka isa Murzuk, a ƙasar Fezzan, a nan kuma suka fara karatun yadda ake tafiya a Sahara. Ba ka shiga ƙasar mutane sai da wanda sunansa zai rufe ka. Kana biyansa, yana kai ka iyakar inda maganarsa ke ci, daga nan ya miƙa ka ga na gaba. Wanda ya zo ya karɓe su zuwa Gat wani dattijon Buzayen wurin ne, Hatita, wanda tun shekaru kusan 30 baya ya yi wa su Clapperton rakiya. Wato kafin Barth ya iya ɗaure sirdi, Hatita ya riga ya san Turawa da halinsu da farashinsu.

Sau ɗaya Barth ya ce zai yi ba jagora, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Kusa da Gat akwai wani dutse, Idinen, wanda daga nesa ka ce ganuwar birni ce da hasumiyoyi. Mutanen wurin suna cewa fadar aljanu ce, suka hana shi hawa, ba wanda ya yarda ya raka shi. A tsakiyar Yuli 1850, lokacin da rana ke dafa ƙwai a yashi, ya ɗauki ƴar salkarsa ya tafi shi kaɗai. Ya hau, bai tarar da rubutun dā ɗin da yake tsammani ba, a wajen saukowa hanya ta ɓace masa, ruwa ya ƙare. Ya kwana a fili, washegari ƙishi ya kai shi ga tsaga jijiyarsa yana tsotson jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa a kan raƙumi ya same shi kwance ƙarƙashin itace, ya yayyafa masa ruwa a ka, ya ɗauko shi. Mai digirin dakta daga Berlin ke nan, wata huɗu da fara tafiya. Da ba don mai karanta sawu ba, da littafi biyar ɗin nan da ake ta yabo ba a rubuta ko shafi ɗaya ba. Ni a ganina maganar aljanun nan ma ilimi ce aka naɗe ta yadda yaro zai riƙe: dutsen da ba ruwa, ba inuwa, kada ka hau.

Daga Gat suka gangaro Abzin. Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka arewacin Agadas yashi ne kawai, alhali duwatsu ne baƙaƙe masu tsayi, da ƙoramu da garake a tsakaninsu. A tsaunin Bagzan ne ƙololuwar Nijar take, mita 2,022. A bakin ƙasar an tare su, an tsorata su, an karɓe musu kaya mai yawa, har aka matsa musu su musulunta ko su mutu. Ba su samu barci ba sai da suka shiga hannun Annur, tsohon shugaban Kel Ewe da ke zaune a Tintellust. Annur bai yi musu daɗin baki ba. Ya faɗi kuɗinsa, ya ce in sun biya zai kai su Sudan, in ba su biya ba ga hanya nan. Da fari Barth ya ɗauke shi marowaci, daga baya ya yarda cewa tsohon mutum ne mai magana ɗaya, abin da ya ce zai yi ya yi.

Surukin Annur, Hamma, shi ya kai Barth Agadas a watan Oktoba 1850. Kuma ba a kan doki ko raƙumi ya fara wannan tafiya ba, a kan takarkari ne, har ma takarkarin ya kayar da shi. A Agadas ya ga naɗin Sarki Abdulƙadir, ya ga hasumiyar masallacin nan ta laka mai mita 27, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16 aka kuma sabunta ta a 1844, ƴan shekaru kafin zuwansa. Ya tarar da birnin da ya ragu ƙwarai daga girmansa na dā, unguwanni da dama kango. Amma abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na mai karatun harsuna, shi ne abin da kunnensa ya ji. Mutanen birnin suna magana da wani harshe na dangin Songai, Emgedeshi, ya rubuta kalmominsa. Yau wannan harshe ya mutu, Hausa ta gaje shi a cikin gari, danginsa na kusa da ya rage shi ne Tasawak na Ingal. Ya kuma lura cewa Kel Ewe suna jin Hausa kamar Tamajak. A bakinsu da bakin barorin ayari ya ƙware a Hausarsa, tun bai taka ƙasar Hausa ba.

A Disamba 1850 suka taso kudu, kuma nan ne ya kamata mu gyara hoton da ke kanmu. Turawan nan uku ba su ke jan tafiyar ba. An liƙa su ne a jikin ayarin gishiri na Kel Ewe, wanda ya dawo daga Bilma da kantu zai gangara Damargu da ƙasar Hausa ya sayo hatsi da tufafi, kamar yadda yake yi duk shekara ko da Bature ko babu. Su fasinja ne. Ranar tashi, wurin sauka, rijiyar da za a sha, duk ba da shawararsu ba.

Bari in ɗan ratse zuwa fagenmu na kalmomi, don harshe ya adana tsarin wannan sana'a fiye da kowane littafi. Ayarin fatake na Hausa yana da madugu, shi ne uban tafiya, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, shi ke raba gardama. Akwai jagaba, mai shiga gaba, wanda ya san hanya da mashaya. Akwai uban dawaki, mai tattara kuɗin da za a biya da kula da na baya. Sau da yawa akwai malamin ayari, mai rubutu da duba ranar tashi. Inda aka sauka shi ne zango. Wannan kalma ta yi tafiya fiye da Barth: rabin birnin Zinder sunansa Zango, gefen Birni, kuma har Kumasi da Akara unguwar baƙi Musulmi sunanta zango. Abzinawa masu zuwa Fashi da Bilma har gobe madugu suke ce wa mai ja musu gaba a Tenere. Raƙumi, takobi, takarda, duk ta bakin Buzaye suka shigo Hausa. Mai saukar da baƙo a gari, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, shi ne fatoma, kuma duk ɗan Manga ya ji kalmar ya san ta gida ce: fato gida, a ƙara -ma, mai gida. Wannan -ma ɗin ita ce a Galadima, Ciroma, Yarima, Kaigama, ita ce kuma a Muniyoma. To ka ga kamfanin yawon buɗe ido cikakke, da mai tsara tafiya, da ɗan jagora, da ma'aji, da otal, da inshora, tun ba a ƙirƙiro kalmomin a Turai ba. Bambancin kawai, fatake ba kallo ke kai su ba, riba ce.

A Janairu 1851, a Damargu, Turawan suka rabu. Richardson ya nufi Zinder, Overweg ya yi Gobir da Maraɗi, Barth ya bi ta Tasawa da Katsina, inda sarki ya riƙe shi kwanaki yana neman kyauta mai tsoka, sannan ya shiga Kano a farkon Fabrairu, ba kuɗi, ga bashi, ga zazzaɓi. Duk da haka ya hau doki ya zagaya gari, ya zana taswirarsa, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000, ya ce lokacin cin kasuwa sukan ninka. Labarin Kano an sha faɗa, ba zan maimaita ba. Richardson ya mutu a Maris 1851 kafin ya kai Kukawa. Overweg ya samu ya haɗa kwale-kwalen nan ya shiga tafkin Cadi, shi ma ya mutu a bakin tafkin a Satumba 1852. Tsakanin nan Barth ya je Yola, ya je Kanem da Bagirmi, a ƙarƙashin inuwar Shehu Umar na Barno da wazirinsa Alhaji Bashir. Ya kuma bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, wadda harin kamun bayi ce tsagwaronta, ya ga abin da aka yi wa mutane da idonsa ya rubuta. Wakilin masu yaƙi da bauta a cikin ayarin masu kamun bayi! Wanda ya shiga inuwar wani, inda inuwar ta je nan yake zuwa.

Yanzu mu zo gida. Ranar 25 ga Nuwamba 1852 ya bar Kukawa da niyyar zuwa Tumbutu, shi kaɗai ya rage cikin Turawan. Amma kalmar shi kaɗai ɗin nan ƙarya ce ta littattafan lakkol. Akwai Muhammad al-Gatruni, mutumin Gatrun ta Fezzan, babban baransa tun daga Murzuk, wanda ya amince wa fiye da kowa. Akwai Ali al-Agaran, ɗan kasuwa daga Jalo, wanda aka ɗauka don ya zama dillalinsa, ya saya, ya sayar, ya yi magana da masu gari. Akwai kuma yara biyu da Overweg ya fansa daga bauta, Abbega ɗan Margi, da Dorugu, Bahaushe. Sun bi Komadugu, sun ga kangon Birnin Gazargamu, tsohuwar hedikwatar Barno da aka rusa a farkon ƙarnin, suka ratsa ƙasar Manga, sannan suka karkata arewa suka shiga duwatsun Muniyo.

Babi guda ya ba ƙasarmu a littafi na huɗu, kuma tun daga kan babin ya kira ta ƙasar duwatsu. Mu da muka tashi muna kiwon awaki a gindinsu ba mu ɗauke su abin kallo ba. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Shi kuwa da ya fito daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Barno, inda za ka yi kwanaki ba ka ga dutsen jifa ba, ganin tsaunuka sun taso daga cikin yashi, ga kwari mai ruwa da goruba da dabino a tsakaninsu, ga tafkin kanwa fari fat kamar an zuba gari, abin ya burge shi har ya tsaya yana zane. Ya ambaci Bune biyu, tsohuwa da ke lafe a jikin duwatsu, da sabuwa. Ya san cewa Bune ce mazaunin sarakunan Muniyo kafin Muniyoma Koso ya mai da fada Gure. Wannan kaɗai ya isa ɗan Bune ya gyara zama: garin da yau ake kira kwamin ta karkara, wanda in ka ce daga can kake a Yamai sai ka ƙara da kusa da Gure, shi ne uwar, Gure ce ƴar.

A Gure ya gana da Koso. An gaya masa cewa sarkin na iya fitar da mahaya 1,500 ban da dubban ƴan baka, kuma kuɗin shigarsa ya kai wuri miliyan 30 a shekara, amma duk da haka bashi ya yi masa katutu. Ka ji halin gwamnati tun ba yau ba. Dalilin ƙarfin nan ba ɓoyayye ba ne. Muniyo ita ce katangar Barno ta arewa maso yamma, tsakaninta da mahara daga hamada, kuma tana zaune a kan kanwa da gishirin Manga da fatake ke ɗiba zuwa Kano da gaba. Hanyar da Barth ya bi daga Bune zuwa Gure, zuwa Wushek, zuwa Gidimuni mai tafki biyu, zuwa Mirriya mai tsamiya, har Zinder ranar 25 ga Disamba, ba shi ya fasa ta ba. Jakunan kanwa ne suka daddaɓe ta. Duk sunan rijiya da tsauni da ƙauye da ke cikin babin nan, wani ne ya faɗa masa, wani manomi ko makiyayi ko dogarin sarki da aka haɗa shi da shi, da Barbarci ko da Hausa. Shi nasa kunne ne da alƙalami da agogo da kamfas. Ba ƙaramin aiki ba ne, kuma in za a yi adalci, ya fi sauran Turawan zamaninsa ambaton waɗanda suka taimake shi, ya kuma ɗauki mutanen da ya tarar masu tarihi ne. Masu taƙaita shi don jarrabawa su ne suka share sunayen.

Cikin ayarin da ya sauka Bune a wancan hunturu, wanda na fi so ku riƙe shi ne ƙaramin cikinsu. Dorugu ɗan Dambanas ne, kusa da Kance, an haife shi wajen 1840. Yana yaro aka kama shi a hari, aka sayar, hannu zuwa hannu har Kukawa. Lokacin da ya ga duwatsunmu bai wuce shekara 12 ko 13 ba, yana jan raƙumi, yana hura wuta, yana ɗebo ruwa. Ya bi Barth har Tumbutu ya dawo, ya ƙetare Sahara, ya shiga jirgin ruwa, ya ga Landan da Jamus. A Ingila aka bar shi wurin wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ke aikin Hausa amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Dorugu ya zauna yana ba shi labarin rayuwarsa da tafiyarsa da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa. Daga nan aka samu nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Jami'ar Oxford ta ba Schön digirin girmamawa. Dorugu ya komo, ya ƙare rayuwarsa a Kano, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa, ya rasu a 1912. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa da Turanci da sunansa a gaba.

Ku duba abin nan da kyau, mu masu karatun harsuna. Ɗaya daga cikin dogayen rubutun zube na farko da aka yi da Hausar boko, Hausar yaron ƙasar Damagaram ce, kuma labarin tafiya ne ta ƙasa da ƙasa, daga bakin wanda ya yi ta a ƙasa, ba a kan sirdi ba. Tafiya ɗaya, shaida biyu. Na mai gida an fassara shi, an buga, an sake bugawa. Na yaron gida, mu ƴan jaharsa ma da yawanmu yau muka fara jin sunansa.

Sauran tafiyar zan bi ta da gudu. A Zinder ya jira kuɗi, suka iso a ɓoye cikin akwatunan sukari. Ya koma Katsina, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Wurno a 1853, ya samu takardar izini. A Gwandu wani malami ya ba shi aron Tarikh al-Sudan, ya zauna yana kwafa, abin da ya buɗe wa Turai ido a kan daular Songai. Ya haye Kwara a Sayi, ya bi ta Dori, ya ratsa duwatsun Hombori na Mali masu tsaye kamar yatsun hannu. A wannan yanki ya faɗa hannun wani jagora da ake kira al-Walati, mai wayon tsiya, wanda ya tsirar da shi ta hanyar cewa shi sharifi ne mai kai wa Shehu littattafai, yana kuma tatsar dukiyarsa a kowane zango. Ba duka madugai ne waliyyai ba. Ya shiga Tumbutu ranar 7 ga Satumba 1853, kuma da ba don Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta ya tsaya masa ba, har da yin fito-na-fito da masu mulkin Hamdallahi da ke son a miƙa shi, da can za a binne shi. Al-Bakkay da kansa ya raka shi gefen kogi har Gawo. A Agusta 1855 ya koma Tarabulus, littattafansa suka fito a 1857 da 1858.

Abin da ya biyo baya mun san shi. Ba a yi shekara 50 ba sojan Faransa suka shigo Zinder a 1899, kafin nan ma Damagaram ta riga ta haɗiye Muniyo a zamanin Tanimu. Aka ja layi tsakanin Faransa da Ingila, hanyar Kukawa zuwa Gure ta zama hanyar ƙasa biyu, hedikwata ta tashi daga Zinder ta koma Yamai a 1926, jirgin ƙasa ya iso Kano ya kashe cinikin Sahara. Ilimin da masu jagora suka bayar hannu sake, shi ya zama taswirar masu zuwa da bindiga. Wannan ba laifin Hatita ko Annur ba ne, amma ya faru.

Sana'ar kuwa ba ta mutu ba, riga ta sake. A shekarun 1980 Agadas ta cika da Turawa masu zuwa kallon Abzin da Tenere da tsohon birni, jikokin madugai suka koma tuƙa Toyota suna yi musu jagora. Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa, da kamfanin yawon buɗe ido ya yi suna kafin tawaye. UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991, ta sa tsohon birnin Agadas a 2013. Sai dai tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007, da sace Turawa a Arlit a 2010, sun kori baƙin. Mutumin da ya san kowace rijiya daga Agadas zuwa Dirku ba zai zauna yunwa ta kashe shi ba, sai ya koma ɗaukar masu zuwa Libiya. A 2015 aka yi dokar da ta mai da wannan aiki laifi, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, a Nuwamba 2023 aka soke ta. Sanin hanya ɗaya ne tun zamanin Annur. In fasinjan Bature ne mai kyamara, sunanka ɗan jagora. In baƙar fata ne mai neman aiki, sunanka mai safarar mutane. Wannan ma darasin ilimin ma'ana ne da ba a sa mana cikin manhaja ba.

Mu dawo Bune. Littafin Barth yana nan kyauta a intanet, da Turancin Ingila da Jamusanci, babin Muniyo bai fi a karance shi a zama ɗaya ba. Sunayen wuraren da ke ciki ya rubuta su ne da kunnen Bajamushe, yana ɗora ƴar alama a kan gaɓar da ya ji ta fi ƙarfi, ba karin sauti yake nunawa ba, don haka wasu sai ka furta su sau uku kafin ka gane garin kakarka ne. Wasu ƙauyukan sun tashi, wasu kwarin yashi ya cinye su, wasu sun sake suna. Masu iya warware wannan ba a Berlin suke ba, suna zaune a gindin bedi a Bune da Gure da Gidimuni, tsoffin da suka yi fataucin kanwa da jaki zuwa Nguru da Kano kafin mota ta karɓe. Hutun nan mai zuwa, mu huɗu ko biyar da muka fito yankin muna iya raba hanyar, kowa ya ɗauki zango biyu, da jerin sunayen Barth a hannu ɗaya, waya mai naɗar murya a ɗayan. A tambayi sunan kowane tsauni da Barbarci da Hausa da Fillanci, a rubuta shi da karin sautinsa, a tambayi wa ke kai baƙo daga nan zuwa gari na gaba a zamanin dā, kuma me ake biyansa. A kan kowace takarda, sunan tsohon da ya yi maganar, in ya yarda, shi za a fara rubutawa a sama, da manyan baƙaƙe, sannan ranar, sannan namu.